Ƙasusuwan Gadufawa a idon mutumin Gulbi: tarihin farin jinin dinozor na Nijar

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa raka ƴan lakwal daga jihar Maraɗi zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yau ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya san abin da ke faruwa idan aka iso wurin manyan ƙasusuwa. Surutu yakan ɗauke na ɗan lokaci, sa'an nan tambayoyi su ɓarke: kada ne ko raƙumi? Wa ya kashe shi? Ana cin namansa? Kafin a fita kuma kowane yaro ya riga ya zaɓi nasa, yana gardama da ɗan uwansa a kan wanda ya fi. Wannan zaɓi na yara shi ne mafarin wannan ɗan nazari. Abin da muke son nunawa shi ne, farin jinin da wani nau'in dinozor ke samu yana da tarihi, kuma ana iya bin sawunsa shekara bayan shekara kamar yadda ake bin tarihin sarauta ko na kasuwa. Wanda ya tono, da wanda ya biya kuɗin tono, da wanda ya raɗa suna, da wurin da aka ajiye ƙwarangwal, duk suna da hannu a cikin wanda duniya za ta so, kuma hannunsu sau da yawa ya fi na ƙashin kansa nauyi.

Da gangan muka zaɓi duban al'amarin daga gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Babu nau'in dinozor ko ɗaya da aka raɗa wa suna daga can, kuma ayarin masu tono ba su yada zango a can ba. Mutumin Gulbi ɗan ƙasa ne, wato yana cikin masu wannan dukiya a gaban doka, amma bai taɓa ganin ana tono ta ba, ba a kuma tambaye shi sunan da za a sa mata ba. Matsayinsa shi ne matsayin yawancin ƴan Nijar, don haka idonsa ya dace da gwaji.

Game da kalma: mun rubuta dinozor yadda kunnenmu ya ji ta daga Faransanci. Asalinta Bature ɗan Ingila Richard Owen ne ya ƙera ta cikin shekara ta 1842 daga Girkanci, ma'anarta kuwa ƙadangare mai ban tsoro. Sunan ya yi kuskure tun ran farko, domin dinozor ba ƙadangare ba ne, za mu kuma ga cewa irin wannan kuskuren suna ya bi su har ƙasarmu.

2. Abin da ke ƙarƙashin jigawa

Gundumomin nan uku suna gefen kudu maso gabas na babban kwarin duwatsu da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya taso daga Mali, ya ratsa yammacin Nijar, ya shiga ƙasar Sakkwato. Garde, masanin duwatsu na ayarin Tilho da ya shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1909, yana cikin na farko da suka rubuta bayanin duwatsun wannan yanki. Greigert kuma ya tsara su dalla-dalla a cikin aikinsa na 1966. A ƙarƙashin yashin jigawa da ake noma hatsi da gujiya a kansa akwai dutsen yashi da laka da ake kira Continental Hamadien, wanda ya kwanta a zamanin Kiretase, wato zamanin ƙarshe na dinozor. Daga cikinsa ne foraj da rijiyoyi masu zurfi da yawa na wannan yanki ke jawo ruwa. Ke nan matar da ke ɗiban ruwa a Agye tana taɓa zamanin dinozor kullum safe, ko da ba ta taɓa jin sunan ba.

To me ya sa ba a tsintar ƙashi a can? Dalilin ba boyayye ba ne. Ana samun irin waɗannan ƙasusuwa ne inda dutse ya fito fili, iska ko ruwa suna zaizaye shi, babu ciyawa, babu gona. A Tenere iska ce ke yi wa mai bincike rabin aikinsa. A Gazawa kuwa yashi ya rufe dutsen da mita da yawa, gona kuma ta rufe yashin.

Akwai dai maƙwabci da ya cancanci a ambata. Gulbin Maraɗi, bayan ya wuce Tibiri da Gidan Rumji, yana komawa Najeriya ya faɗa cikin Rima, a bakin Rima kuwa akwai Goronyo. A ƙarshen zamanin Kiretase wani hannun teku ya shigo ta tsakiyar abin da yau ya zama Sahara, ya mamaye Adar da ƙasar Sakkwato. A cikin 1930 Swinton ya bayyana ƙasusuwan wata dabbar teku daga lardin Sakkwato; daga baya ayarin Italiyawa ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka samo ƙoƙon kanta, suka sa mata suna Goronyosaurus a 1972. Ba dinozor ba ce, ƙatuwar ƙadangaren ruwa ce, dangin damo da guza da maciji. Halitta ce ta wancan zamani da ke ɗauke da sunan garin Hausawa da kowa ya sani, amma da wuya ka sami ɗalibin Maraɗi da ya taɓa jin labarinta. Ba ta da ƙwarangwal a tsaye a gidan tarihinmu, ba a yi fim a kanta ba, iyakar da Tilho ya shata kuma ta bar ta a wancan gefe. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan abin da muka faɗa a gabatarwa.

3. Ouranosaurus, ɗan zamanin uraniyom

Tun farkon ƙarni na 20 René Chudeau ya ba da labarin manyan ƙasusuwa a gindin tsaunin Tigidit, kudu da Agadas. Amma wanda ya yi aikin farko mai zurfi shi ne Albert-Félix de Lapparent, limamin coci kuma masanin duwatsu, wanda ya yi ta zagaya Sahara, sau da yawa a kan raƙumi, tsakanin 1946 da 1959, ya kuma buga babban littafinsa a kan dinozor na tsakiyar Sahara a 1960, shekarar da Nijar ta sami ƴancin kai. Abin da Lapparent ya tara yawanci guntaye ne: haƙori nan, ƙashin baya can. Guntu yana gamsar da masani, amma ba ya shiga zuciyar jama'a. Ba wanda ke zaɓen haƙori ɗaya ya ce shi ne abin ƙaunarsa.

Abin da ya sauya al'amari shi ne neman uraniyom. Masu binciken hukumar nukiliya ta Faransa, CEA, suna auna duwatsun gabashin Agadas, sai suka yi kiciɓis da wani fili mai tsawon kilomita da yawa inda ƙasusuwa ke kwance a sarari, wato Gadufawa, sunan da ake fassarawa daga Tamajak da wurin da raƙuma ke tsoron shiga. A 1964 suka fitar da ƙoƙon kan wani ƙaton kada, suka aika Paris. Gidan tarihin halittu na Paris ya turo wani saurayi, Philippe Taquet, wanda a lokacin bai wuce shekara 25 ba. A 1965 ya ga ƙwarangwal kusan cikakke, a 1966 aka tono shi, a 1976 kuma ya buga cikakken bayaninsa da suna Ouranosaurus nigeriensis. Mai karatu ya lura da shekarun: a 1968 aka kafa kamfanin SOMAÏR, a 1971 aka fara fitar da uraniyom daga Arlit. Motoci, da taswira, da man fetur, da ruwan sha da suka sa aikin Gadufawa ya yiwu duk na wannan neman ma'adini ne. Dinozor na farko da Nijar ta yi alfahari da shi ɗan rakiyar uraniyom ne, kuma bai kamata masanin tarihi ya raba su ba.

Ita dabbar, mai cin ganye ce, tsawonta wajen mita 7 zuwa 8, ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da Tenere take ƙasar manyan koguna da dazuzzuka. Bakinta shimfiɗaɗɗe ne kamar na agwagwa, tana da ƙaya a madadin babban yatsan hannu. Amma abin da ke kama ido shi ne bayanta: ƙasusuwan gadon baya sun miƙe sama, mafi tsawo ya haura santimita 60, sun yi layi kamar shinge. Masana sun rabu a kansu. Wasu sun ce fata ce ta lulluɓe su, ta zama kamar filafilai na shan iska da rage zafin jiki. Wasu sun ce tozo ne na kitse da nama. A nan ne muke ganin idon mai kallo yana aiki. Yaron Turai, wanda ya saba da hoton jirgin ruwa mai filafilai, yana ganin filafilai. Yaron Gidan Rumji, wanda ya tashi cikin shanu masu tozo da raƙuman Abzinawa da ke saukowa da rani, ba ya jiran a tambaye shi sau biyu: tozo ne. Ba mu ce shi ke da gaskiya ba, amma hujjarsa ba ta fi ta wancan rauni ba, kuma akwai masana da suka bi ta wannan hanya.

Sunan ma yana da labari. Taquet ya ɗauko shi ne daga kalmar da mutanen hamada ke kiran damon yashi da ita, dabbar da Abzinawa ke girmamawa. Sai ga shi dinozor ɗin da aka sa wa sunan damo ba shi da kusanci da damo, alhali Goronyosaurus, wanda shi ne dangin damo na gaskiya, an sa masa sunan gari.

Me ya sa Ouranosaurus ya zama na gaban goshi a Nijar ta shekarun 1970? A ganinmu dalilai uku ne suka haɗu, na ukun kuma ya fi sauran. Yana ɗauke da sunan ƙasa a lokacin da ƙasar ke neman alamomin da za su haɗa Bazabarme da Bahaushe da Ba'abzine da Babarbare, har gidan waya ya buga tambur mai hotonsa. Ba ya cikin gadon wata ƙabila ko wata sarauta, saboda haka ba mai kishinsa. Sa'an nan ya dawo gida: bayan an gama nazarinsa a Paris an yi kwafinsa, aka mayar da ainihin ƙasusuwan Yamai, a gidan tarihin da aka buɗe tun 1959. Ƙwarangwal na biyu, wanda aka tono a farkon shekarun 1970, ya tafi birnin Venise na Italiya, can yake har yau. Wanda ya dawo shi ne ƴan Nijar suka sani.

4. Zamanin farce da haƙori

Daga 1993 sai wani sabon babi ya buɗe. A wannan shekara ce fim ɗin Jurassic Park ya fito a Amurka, a cikinta kuma ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya tono wani mai cin nama a In Abaka, wanda aka sa wa suna Afrovenator, maharbin Afirka, a 1994. Haɗuwar shekarun ba shiri ba ne, amma ta nuna irin kasuwar da sabbin ƙasusuwan za su shiga. Jama'ar Amurka sun taso da Tyrannosaurus, wanda aka raɗa wa suna tun 1905, kuma ma'auninsu na dinozor shi ne girma da haƙori. Masu ba da kuɗin tafiya, da mujallu, da gidajen telebijin, suna son abin da zai tsaya kusa da wannan gwarzo.

Gadufawa ta ba su. A 1997 aka tsinci wani ƙaton farce mai lanƙwasa kamar lauje yana kwance a kan yashi, aka bi shi aka tono Suchomimus tenerensis, wanda aka bayyana a 1998: tsawonsa wajen mita 11, bakinsa dogo siriri irin na kada, abincinsa kifi. Sunan ma na nufin mai kwaikwayon kada. Sai kuma kadan nan na 1964, wanda France de Broin da Taquet suka riga suka sa wa suna Sarcosuchus imperator tun 1966. Shekara 35 yana zaune a cikin mujallun masana ba wanda ya damu da shi a waje. A 2001, bayan ayarin Sereno ya samo sabbin ƙasusuwansa, National Geographic ta yi masa laƙabi da fim, aka ƙiyasta tsawonsa mita 11 zuwa 12 da nauyin tan 8, sai ya zama sananne a duniya cikin ƴan makonni. Ƙiyasin da ya biyo baya a 2019 ya rage shi zuwa wajen mita 9 da rabi, amma wannan gyara bai yi ko kusa da tafiyar da labarin farko ya yi ba. Dabba ɗaya ce a 1966 da 2001. Abin da ya sauya shi ne mai shela.

Ba za mu tsaya kan sauran masu cin nama ba, Rugops na 2004, da Kryptops da Eocarcharia na 2008; amfaninsu ga masana babba ne, musamman wajen gano lokacin da Afirka ta rabu da Amurka ta Kudu, amma a wajen jama'a inuwar na gaba ta rufe su.

Ga mutumin Gulbi, Sarcosuchus shi ne mafi sauƙin ganewa, domin kada ba baƙo ba ne a tatsuniya da karin magana, ko da ya yi wuyar gani a gulaben da ruwansu ba ya kai rani. Sai dai malami ya yi hattara: ɗalibai kan fita da tunanin cewa kada dinozor ne, ko kuma dinozor kakan kada ne. Dangi ne na nesa, reshensu ya rabu tun kafin a sami dinozor na farko.

5. Jobar, da batun wa ya fara gani

A 1997 ɗin nan dai, a yankin Ingal, ayarin Chicago ya tono wani mai dogon wuya, tsawonsa wajen mita 18, aka kuma samu kusan dukan ƙasusuwan jikinsa, abin da ba a cika samu ba a irin waɗannan ƙatta. A 1999 aka sa masa suna Jobaria tiguidensis. Jobar wata halitta ce ta labaran Abzinawa, wadda makiyayan wurin ke danganta ƙasusuwan da ita. Da farko an ɗauka na farkon zamanin Kiretase ne. A 2009 Rauhut da López-Arbarello suka kawo hujjar cewa duwatsun da ya fito ciki sun girmi haka, na tsakiyar zamanin Jurasik ne, wato an ƙara masa shekara miliyan 30 ko kusa da haka ba tare da an taɓa ƙashi ɗaya ba.

Sunan Jobaria yana da daraja ta musamman ga masanin tarihi, domin ya amsa abin da rahotanni suka daɗe suna ɓoyewa a bayan kalmar «gano». Makiyaya sun san wuraren nan, suna da suna da bayani a kansu, su ne kuma suka yi wa kusan kowane ayari jagora. Bayanin nasu ba na kimiyya ba ne, amma shaida ce cewa an gani, an yi tunani. Da a ce irin waɗannan ƙasusuwa sun fito a bakin Gulbin Kaba, da Hausa ba ta rasa abin cewa ba: muna da Dodo na tatsuniya, muna kuma da Samudawa, waɗanda har yau ake kiran duk wani ƙato da sunansu, a ce basamude. Ba mamaki idan yaron Gazawa ya tsaya gaban ƙashin cinya da ya kusa tsawon babansa, kalmar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce wannan.

Labarin Spinophorosaurus ya ƙara fito da batun fili, kuma shi ne ya fi kusa da hanyar fatakenmu, domin a kusa da Adarbisinat aka same shi, a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas. A 2005 Abzinawan wurin suka ba wasu Jamusawa, Ulrich Joger na gidan tarihin Braunschweig da Edgar Sommer, labarin manyan ƙasusuwa. Jamusawan suka ga ƙwarangwal, suka koma neman izini da kuɗi da kayan aiki. Da suka dawo a 2007 sai suka tarar wani ayari na Sifaniyawa ya riga ya tono shi ya tafi da shi birnin Elche. Suka tona kusa da ramin, suka sami na biyu, suka kai Jamus. A ƙarshe ɓangarorin biyu suka haɗu suka buga bayani ɗaya a 2009, tare da masana biyu ƴan Nijar, Umaru Ide da Abdullahi Maga. Sunan na nufin mai ɗauke da ƙaya, saboda wasu ƙasusuwa masu tsini da aka zaci makamin wutsiya ne. Daga baya wasu masana suka ce ƙashin kafaɗa ne. Idan haka ne, to abin da ya ba shi farin jini da suna bai taɓa zama a wutsiyarsa ba.

6. Wanda mu muka zaɓa

Tunda batun zaɓi ake yi, bai dace marubuci ya ɓoye nasa ba. Namu shi ne Nigersaurus taqueti, kuma muna ganin shi ne wanda manomin Agye zai fi saurin fahimta idan aka yi masa bayani da harshensa.

Taquet ya tsinci guntayensa a Gadufawa tun tafiye-tafiyensa na 1965 zuwa 1972, amma ƙasusuwan sun yi rauni ƙwarai, wasu sassan ƙoƙon kai har haske na ratsa su. Sai a 1999 Sereno da abokan aikinsa suka raɗa masa suna, suka haɗa sunan ƙasa da na Taquet, a 2007 kuma, bayan an yi amfani da na'urar hoton cikin jiki ta asibiti an sake harhaɗa kan a kwamfuta, aka ga ainihin kamanninsa. A cikin danginsa masu dogon wuya shi ƙarami ne, tsawonsa mita 9, nauyinsa bai wuce na giwa ba, wuyansa kuma gajere. Bakinsa ya fi sauran kansa faɗi, haƙoransa duk sun jeru a gaba a layi ɗaya miƙaƙƙe, kamar bakin hauyar tsaye da ake noma jigawa da ita. A bayan kowane haƙori mai aiki akwai wasu a jere suna jiran lokacinsu, har tara a wani wurin, jimillarsu ta haura 500. Nazarin da aka buga a 2013 ya nuna cewa kowane haƙori yakan sauya cikin kwana 14.

Me ya sa haka? Domin yana kiwo ne dab da ƙasa, yana yankar ƙananan tsirrai masu laushi na bakin ruwa, yana haɗawa da yashi, yashi kuma yana cin haƙori. Ciyawa irin wadda muka sani ba ta riga ta mamaye duniya ba a lokacin, amma matsalar ɗaya ce da wadda kowane makiyayi ya sani: tsohuwar saniya da ta yi shekaru tana kiwo a jigawa, haƙoranta ne ke fara ƙarewa, daga nan sai rama, sai kasuwa. Manomi kuma ya san sau nawa yake kai hauya wurin maƙeri saboda yashi ya cinye bakinta. Nigersaurus dabba ce da ta warware wannan matsala ta hanyar ɗaukar maƙerinta a cikin baki. Ƴan jaridar Amurka sun kira shi saniyar wancan zamani cikin raha, kamar abin dariya idan aka gwada shi da masu farce. A ƙasar da saniya take dukiya da sadaki da mutunci, wannan laƙabi yabo ne.

Ba ya tsorata kowa, ba shi da ƙaya, ba shi da girman da za a yi fim a kansa. Farin jininsa na mai lura ne, wanda ya san wahalar ci daga ƙasa mai yashi.

7. Ina ƙasusuwan suke, da wane harshe ake bayaninsu

Wanda ya duba bayanan kimiyya na Suchomimus, Jobaria da Nigersaurus zai ga kowane ƙashi yana da lamba da ta fara da haruffa MNN, wato gidan tarihi na ƙasar Nijar. A kan takarda ke nan mallakar Nijar ne, kuma doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 a kan kare kayan gadon ƙasa ta ƙarfafa wannan. Zai kuma ga sunayen ƴan ƙasa a cikin marubutan: Bube Gado a bayanin Suchomimus, Burahima Musa a na Jobaria, Ide da Maga a na Nigersaurus na 2007. Wannan ci gaba ne idan aka gwada da zamanin Lapparent. Amma an fitar da ƙasusuwa masu nauyin tan da yawa zuwa Chicago da Elche da Braunschweig don a tsabtace su a yi nazari, bisa alkawarin dawowa, kuma dawowar ta rataya ne a kan abin da ƙasa ba ta gama tanada ba: ɗakunan ajiya da ke kare ƙashi daga zafi da ƙura, da ma'aikatan da suka iya gyaransa, da malaman wannan fanni a jami'o'inmu. Laifin a nan na ɓangarori biyu ne, kuma ba ma ganin amfanin ɗora shi duka a kan baƙo. Ƙasar da ke cikin mafi arzikin dinozor a Afirka ta horar da masana ma'adini da na ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin su ake ɗauka aiki. Ilimin tsofaffin halittu kuwa an bar shi a hannun masana tarihin ɗan Adam, waɗanda suka riƙe shi iyakar ƙoƙarinsu alhali ba fanninsu ba ne.

Ga ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke neman batun bincike, akwai aiki biyu a kusa da shi da ba sa buƙatar ayarin motoci. Na farko na ƙasa ne: maginan rijiya da masu haƙa foraj a Agye da Gidan Rumji suna ratsa duwatsun Kiretase kowace shekara, abin da suke fitarwa kuma ana zubar da shi a gefen rami. A In Besetan ta jihar Tawa, cikin wannan kwari na Iullemmeden, an bayyana guntayen dinozor da kadoji da kifaye tun 1974, saboda haka tambayar maginan rijiya abin da suka taɓa gani ba aikin banza ba ne. Na biyu na harshe ne. Har yanzu malamin da ke son koyar da wannan darasi da Hausa yana kame-kame tsakanin dodo, da ƙaton ƙadangare, da dabbar da, kuma kowace kalma tana jawo nata kuskuren: dodo yana mai da shi tatsuniya, ƙadangare yana maimaita kuskuren Owen.

A ganinmu ƙofar da ta fi dacewa tana cikin tsakar gida. Masana sun tabbatar cewa dinozor ba su ƙare duka ba a halakar da ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce. Reshe ɗaya na masu tafiya da ƙafa biyu ya tsira, shi ne tsuntsaye. Zabo da kaza da jimina sun fi kada kusanci da Afrovenator. Malamin da ke Gazawa, wanda ba shi da kuɗin kai ajinsa Yamai, yana iya sa yara su kori zabo ya bi ta kan laka, su durƙusa su ƙirga yatsun sawunsa uku na gaba, sa'an nan ya nuna musu hoton ƙafar Afrovenator su ƙirga nata.